Sunan da Na Tsallake a Rajista

Kankiya,
Laraba da hantsi.

Zuwa gare ka,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa jirgin da ya ɗauke ka ya sauke ka lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da mutanen kirki a ƙasar da ba ka da dangin iya balle na baba. Na sa ƙanwarka Bilki ta cusa takardar nan tsakanin ƙullin kuka da na daddawa, don na san ba za ka kwance kayan miya ba sai ka kwana biyu a can, marmarin tuwo ya taso maka. In kana karantawa yanzu, ka isa ke nan, alhamdu lillahi. In kuma ka ji tana warin daddawa ka yi haƙuri da ita, wurin da na tabbata hannunka zai kai ke nan.

Labarin gida ba zan ɓata tawada a kansa ba, waya za ta ba ka. Babanka lafiyarsa lau, yana nan ƙofar gida yana gardama da rediyo. Matarka Rabi tana wurinmu cikin kulawa, ita da abin da take ɗauke da shi, har Allah Ya sa ka natsu ka aiko a kai maka su. Ni ma ƙalau nake, raina fari tas da tafiyar nan taka. Magana ɗaya ce ta tsaya min a rai tun ranar Asabar, kuma ka san ni, bakina ba zai iya faɗa maka ita ido da ido ba. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, to bari in yi abin da na iya, in ɗauki biro.

Ka tuna ranar, bayan la'asar, muna tsakar gida ina ɓarar gyaɗar da aka kawo daga gonarmu ta Tafashiya. Babanka ya dube ka ya ce, "Wai Likita, mi za ka je koyowa can da ba ka iske ba duk shekarun ga da ka yi kana karatu?" Sai ka ɗauki ƙwayar gyaɗa ɗaya daga faifaina ka ɗaga ta. Ka ce can cikin ƙwaƙwalwar mutum, dama da hagu, akwai wani ɗan wuri da bai fi ta da yawa ba, aikinsa kururuwa, da an ga abin tsoro ko abin ɓacin rai shi ke fara tashi. A bayan goshi kuma akwai wani sashe da ka kira dattijon gida, mai fitowa ya tambayi ba'asi, ya ce a dakata tukuna. Ka ce akwai na'urar da mutum ke kwanciya a ciki, a riƙa nuna masa hotuna masu tayar da hankali, ita kuma tana nuna inda aiki ya yi yawa a cikin kansa. A nan, in ji ka, ake ganin hali ya bambanta. Mai yawan damuwa kururuwarsa da saurin tashi take, kuma takan daɗe ba ta lafa ba. Wani kuwa sai an yi da gaske kafin tasa ta motsa.

Abin da ka faɗa bayan nan shi ya sa na daina ɓarar gyaɗa na kasa kunne. Ka ce in aka ce wa mutum ya ɗaure fuska kada a ga komai, fuskar takan ɗauru, amma kururuwar tana nan a ciki, ƙirji na bugawa, tafin hannu na gumi. In kuwa aka ce ya juya al'amarin ya nema masa wata fassara, sai a ga dattijon ya tashi aiki, kururuwar kanta ta ragu. Ka ce wasu halinsu ya fi karkata ga haɗiyewa, wasu ga juyawa, kuma masu binciken ba su gama gane dalili ba, shi ne abin da za ka je ka sa hannu a ciki.

Babanka ya yi dariya ya ce in shi aka sa a na'urar, za a iske dattijonsa ya shimfiɗa tabarma yana shan shayi. Bilki ta ce ita mai kururuwarta da lasifika yake yawo. Na tashi na shiga kicin in duba wake, daga can na ji ta tambaye ka, "To Yaya, Malama fa?" Ka rage murya ka ce, "Malama ai ko an sa ta ba abin da zai motsa. Allah Ya yi ta da sanyin rai. Ni da ita nake koyi."

Na tsaya da ludayi a hannu, dariya ta taso min, sai kuma ta koma. Ga likita guda, mara lafiya tana gabansa shekara talatin, ya duba ya ce garau take. Ba laifinka ba ne. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, ka tambayi tawa, ta yi maka ƙarya. Da a kan sanyin rai kawai ka tsaya, da na bar ka da kuskurenka, har ma in ji daɗi. Amma ka ce da ni kake koyi, ga shi za ka inda ba wanda ya san ma'anar shirunka, ga kuma ɗan fari tafe a gidanka. Ni ce na koya maka darasin nan a karkace, kuma ba zan bari ka yi nisa da shi ban gyara ba.

Bari in fara da rajista. Kai ne ɗan farina, ka san abin da wannan ke nufi a wurinmu. Ban taɓa faɗin sunanka ba, ban ɗauke ka a gaban mutane ba, da aka yaye ka kuma Inna, mahaifiyata, ta tafi da kai garin Kaikai, can ka yi wayo. Ka dawo hannuna lokacin shiga makaranta, muna zaune a Kusada ina koyarwa. Shekara uku ina kauce wa ajinku, a ta huɗu hedimasta ya ba ni shi, ban sami bakin cewa a'a ba. Ranar farko na buɗe rajista ina kira ana amsawa, har na zo lamba goma sha bakwai. Ga sunanka nan ɓaro-ɓaro, harshena ya ƙi. Yara suna jira. Sai na ji bakina ya ce, "Sha bakwai." Ka ɗaga kai ka dube ni, ka duba hagu da dama, sannan ka miƙe ka ce, "Ga ni, Malama." Aji ya fashe da dariya. Daga ranar ka zama Sha Bakwai a duk Kusada, har wurin masu shayin tasha, ni kuma na zama Malama a bakinka, ƙannenka suka ɗauka daga wurinka. Akwai wani yaro mai sunanka a ajin, bawan Allah bai ji ba bai gani ba shi ma ya sha tsallake, shekara guda ina ce masa ɗan gidan maƙera. Allah dai Ya rufa min asiri ka zama likita, na samu abin kiranka.

Wannan ban ɗauke shi kuskure ba. Al'ada ce, haka Inna ta yi wa yayana, kuma akwai kyau a cikinta, uwa ta ja baya don kaka da goggo da sauran dangi su samu wurin son yaro, ya tashi ɗan kowa. Kuskurena shi ne ƙarin da na yi mata. A ƙarshen shekarar ka zo na ɗaya. Ina raba katin sakamako, kowane yaro in ce masa wani abu, har wanda ya zo na ƙarshe sai da na lallashe shi. Da na zo kanka na miƙa maka ina kallon taga, na ce, "Saura kuma ka yi sake." Ka ɗan tsaya a gaban teburina, na san abin da kake jira, na ce na gaba ya taso. Al'ada ta hana ni sunanka, amma ba inda ta hana ni cewa madalla. Ni na ƙara wannan da kaina, don ina tsoron in na buɗe baki da kalma ɗaya sauran za su biyo, har da hawaye, a gaban yara. Katin yana nan cikin kwallar da ke saman kabad ɗina, wadda nake hana ku taɓawa. Na ciro shi na duba ya fi sau ɗari.

To ka ji. In Allah Ya sauki Rabi lafiya, ka yi alkunyarka a gaban manya, ba zan hana ka ba, ni ma zan so in ga ka yi. Amma in daga kai sai abin da kuka haifa, ka ɗauke shi, ka kira sunansa, in ya yi abin kirki ka faɗa masa da baki. Haka ma Rabi. Yarinyar nan takan dafa maka abinci ta tsaya tana kallon fuskarka, kai kuma ka cinye ka ce alhamdu lillahi ka tashi. Na gani da idona, kuma na san inda ka koyo.

Ita ma Bilki ban kyauta mata ba. Maganarka ta cewa hali ya bambanta tun daga cikin kai, ni na gan ta ba na'ura. Ranar farko ta 'yan aji ɗaya ta ishe ka karatu: wani zai riƙe zanen uwarsa yana tsala ihu, wani zai shige lungu ya yi shiru har a tashi, wani kafin a fita hutun tara ya yi abokai biyar ya cinye musu ƙosai. Ka bi su har aji shida, kowa na nan da kayansa. Na san haka a makaranta, in na dawo gida sai in manta. Bilki tun tana goye zuciyarta a kusa take. Abu kaɗan ta yi kuka, ta yi faɗa, kafin ka juya tana waƙa. Na sa mata suna mara haƙuri, kullum ina yi mata gori da kai: "Ba ki ganin yayanki? Ko an taka shi ba ya cewa uffan." Na yi ta fama in mayar da ita kai, ban samu ba, sai dai na sa ta tashi tana ganin ita ce baragurbin gidan.

Wata rana, ta gama sakandare lokacin, muka je suna, wata goggonku ta yaɓa mana magana a kan tuwon da muka kai. Bilki ta mayar mata a take, ni kuma na yi mata faɗa tun daga can har gida. Bayan kwana huɗu ina tankaɗe, ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Malama, ni fa tun ran nan na manta da zancen Goggo. Ke ce har yau kike tankaɗe kamar garin ya yi miki laifi." Na ɗaga rariya zan kai mata duka, sai na ga gaskiya ta faɗa. Ita tukunyar ƙarfe ce, nan da nan ta tafasa, nan da nan ta huce. Ni da kai tukunyar ƙasa ne, ba a jin ƙararmu, amma a sauke mu da safe a dawo da azahar a taɓa, da zafinmu. Na ajiye rariyar na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Ba ina cewa nata ya fi ba. Mai saurin tafasa tana zubo wa na kusa, kuma Bilki ta ƙona mutane da baki, ta sha zuwa ba da haƙuri. Sai da ta koyi abin da malamai ke faɗa mana, in fushi ya zo kana tsaye ka zauna, in bai tafi ba ka yi alwala. Abin da nake so ka riƙe shi ne, kada ka auna haƙurin mutum da ƙarancin ƙararsa. Can za ka haɗu da masu faɗin abin da ke ransu kai tsaye ba ɓoye-ɓoye, ka ga kamar ba su da tarbiyya. Ka ba su lokaci kafin ka yanke musu hukunci. Kuma in ka samu sarari ka kira ƙanwarka ka ce mata ba ita ce baragurbi ba. Ni na faɗa mata bara, ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce sai na ba ta sabon zanena shaida.

Babanka kuwa, shekaru na yi ina yi masa kallon mutumin da ba shi da zuciya. Wata damina, kana jami'a lokacin, na bi shi gonar Tafashiya bayan an yi huɗa an yi shuka. Ni mai ƙirge ce, aikin rajista ya bi jikina. Na ƙirga kunyoyi daga gindin aduwa zuwa iyaka, na ga biyu sun ɓace, sun shige gonar maƙwabcinmu, wani dattijo da muke mutunci da iyalinsa. Na nuna wa Babanka. Ya duba ya ce, "Ƙila dai bai lura ba. Bari mu gani." Ya ci gaba da zagaye gonarsa yana fito.

Ni kuwa na ɗauko kunya biyun nan na kawo su Kankiya na ajiye a ƙirjina. Ban ce wa kowa komai ba. Sau biyu ina haɗuwa da matar mutumin a wurin biki, in gaishe ta har da tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya, cikina kuwa yana tafasa. A raina na gama shari'a: sun ga Babanka mai sanyi ne, bana biyu, baɗi huɗu, wata rana mu je mu tarar aduwar ma ta koma tasu. A daminar nan ciwon kai ya fara kama ni, har aka auna ni aka ce jinina ya hau. Da abin ya ishe ni na ce masa, "Malam, kai dai ba abin da ke damunka a duniya." Ya rage rediyo ya ce, "Malama, ya dame ni mana. Amma ni in abu ya taɓa ni, nakan tambayi kaina mi kuma ka iya kawo shi ban da mugunta. In na samu dalili ukku, sai in ji na iya cin tuwona." Washegari ya sayi goro ya hau babur ya tafi.

Ashe mutumin yana kwance ba lafiya tun farkon damina. Masu garmar shanu aka ɗauko suka yi masa huɗa, ciyawar gambar da ke nuna iyaka kuma wuta ta cinye ta da rani, suka bi inda idonsu ya ba su. Bai ma san an yi ba. Da kaka ya aiko da dawar kunyoyin nan biyu har gida, da zabbi biyu na ban haƙuri. Na ci naman zabbin nan ina jin kunyar da ta fi ta gona girma.

Ranar Asabar da kake bayanin masu juya al'amari, Babanka nake kallo. Abin da kuke nema da na'ura yana zaune a gabanka yana tsintar min gyaɗa yana watsawa a baki. Shi Allah Ya hore masa, bai sha wuya ba. Ni sai da na wuce hamsin na fara koyo, kamar 'yar ajin yaƙi da jahilci. In magana ta soke ni yanzu, nakan tilasta wa kaina neman dalili uku kafin in yanke. Wani lokaci ɗaya nake samu da ƙyar, amma ko ɗayan nan yana rage zafi. An ce hali zanen dutse, kuma gaskiya ne, har gobe mai kururuwata shi ke riga kowa tashi. Sai dai dattijon nan na bayan goshi yana jin horo ko da an tsufa, ni shaida ce. Ka sa wannan a bincikenka, ka ce wata tsohuwar malama a Kankiya ta faɗa. Amma fa kada ka mayar da kanka wawa. Wani lokaci za ka nemi dalilin ka rasa, don cutar da gangan aka yi ta. In haka ne ka je ka faɗa wa mai ita cikin ladabi, tun abin bai yi wata a cikinka ba.

Saura mai wuyar. Ka san tabon da ke tafin hannuwana, na dama ya fi fitowa. Sau biyu ka taɓa tambayata, na ce man ƙosai ne. Ba man ƙosai ba ne.

Ranar da ka faɗo daga acaɓa ne a hanyar Kusada, kana aji uku na sakandare, mun riga mun dawo Kankiya. Gida cike da mata ana aikin biki, Hajiya, kakarka ta wajen uba, tana zaune a kan tabarma tana ba da umarni. Ina gaban murhu, miya na tafasa. Sai aka yi sallama daga zaure aka ce Sha Bakwai ya faɗi a babur, hannu ya karye, kai ya fashe, an wuce da shi wurin mai ɗori. Bilki ta ƙwalla ƙara ta fita ba takalmi. Mata suka juyo gaba ɗaya suna kallona, su ga yadda uwar ɗan fari za ta yi. Na ce, "Allah shi sawwaƙe." Na sunkuya na sauke tukunyar nan daga wuta, na kai ta har gindin rumfa. Sai da na ajiye na ga ban sa tsumma ba. Wallahi ban ji zafi ba. Kunnena ba ya jin komai sai bugun ƙirjina, ina ta maimaitawa a raina, kai ya fashe, kai ya fashe. Na dunƙule hannuwan na rufe da gefen zane.

Hajiya ta dubi matan ta ce, "Kun gani ko? Ɗiyar mutane ke nan. Ko gezau!" To wannan yabon shi ya cuce ni. Na ji daɗinsa, na rataya shi a wuya, na yi shekaru ina taƙama da shi a zuci. Kafin magariba aka kawo ka, hannu ɗaure da karan ɗori, kai naɗe da bandeji. Ta labule na ga ka tsaya a tsakar gida, mutane sun kewaye ka suna sannu, kai kuma ƙofar ɗakina kake kallo. Ina zaune a bakin gado, hannuwana cikin kwanon ruwan sanyi sun yi bororo, hawaye na zuba. Na gyara murya na ce, "Sannu." Ka ce, "Yauwa, Malama." Ka wuce ɗakin Hajiya, ita ta yi jinyarka. Tun daga ranar, in abu ya same ka ban ƙara ganin ka kalli ƙofata ba. Ka koyi cewa lafiya lau, ka iya ta har ka fi ni.

Ga na'urarka nan, Likita, a tafin hannuna take. Abin da ka faɗa ranar Asabar daidai ne, ba gyara, fuska ta ɗauru ciki yana ci da wuta. Mara lafiyar ce kawai ka sa a layin da ba nata ba. Ni ce mai kururuwar gidan nan, na fi Bilki nesa ba kusa ba. Ba ka taɓa yin zazzaɓi na ci abinci ya zauna min ba. Ranar da ka fara tafiya jami'a sau huɗu na share tsakar gida. Abin da na yi ta kira haƙuri, rabinsa haɗiya ce kawai. Malamai sun sha faɗa a wa'azi cewa haƙuri bai hana ido hawaye ba, bai hana zuciya baƙin ciki ba, baki dai kada ya faɗi abin da Allah ba Ya so. Ni ce na ji da kunne ɗaya.

Saboda haka ga roƙona. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda, ba kowa za ka buɗe wa naka ba. Amma ka nemi mutum ɗaya a can, ko a masallaci ko a wurin aiki, wanda za ka iya ce wa yau ba na jin daɗi. In karatu ya yi tsauri, in sanyi da kaɗaici sun dame ka, in wani ya wulaƙanta ka, ka faɗa wa Rabi, kada ka ce wai ba ka son tayar mata da hankali. In ka kira gida na tambaye ka lafiya, kada ka ba ni lafiya lau ɗin nan da na koya maka, na san ƙirarta tunda ni na ƙera ta. Ka faɗa min gaskiya. In ka ji na yi shiru ban iya amsawa ba, ka sani na ji, kuma zan kai maganar kan sallaya.

Kada ka karanta wannan ka ɗauka ina cikin damuwa. Wallahi raina a sake yake. Allah Ya ba ni miji mai sauƙin kai, Ya ba ni 'ya mai sa ni dariya, ga ƙannenku kowa na kan hanyarsa, ga ka kai kuma za ka tsallake teku don ka gano abin da ke cikin kan mutane. Na ga ritayata lafiya, gyaɗa ta yi kyau bana. Tun da na fara rubutun nan ma nake jin kamar an sauke min dami. Jiya da rana ina kicin ni kaɗai, na gwada faɗin abin da zan rubuta a ƙarshen takardar nan, a hankali, in ji yadda zai zauna a bakina. Ashe Babanka yana bakin ƙofa ya zo neman ruwan zafi. Ya ce, "Malama, da wa kike magana?" Na ce da kyanwa. Ya ce, "Ashe an raɗa wa kyanwar gidan ga suna ba a gayyace ni ba." Ya tafi yana dariya, ruwan zafin ma ya manta.

In ka kira waya kada ka tayar min da zancen takardar nan, don wallahi Bilki zan miƙa wa. Ka dai yi abin da ka yi a aji huɗu, ka ce ga ni. Zan gane.

Rajista tana hannuna. Sha shida ya amsa, sha takwas ya jira tukuna.

Allah Ya tsare min kai a tafiyarka da zamanka, Ya buɗa maka abin da ka je nema, Ya raba ka da sharrin mutum da aljan, Ya sanyaya maka zuciya sanyi na gaskiya, Ya dawo min da kai lafiya ina raye. Allah Ya yi maka albarka, Muhammadu Lawal. Lawal ɗina, madalla da kai.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.